Kwamfutata a Ƙafafun Saraswati

Makarantar nazarin taurari ta lokacin zafi ta ba ni gurbi, amma da sharaɗi. Sai na girka manhajojin da suka lissafo a kwamfutata, na rubuta ɗan shirin kwamfuta da zai zana yadda hasken wata tauraruwa ke dushewa yana dawowa, na tura musu kafin faɗuwar ranar Alhamis. Wanda bai tura ba, a ba na bayansa. Na sha baƙar wahala da Python ɗin nan, yaren da ake rubuta shirin da shi, ga intanet ɗin garinmu Krishnanagar mai tafiyar hawainiya. Ranar Laraba shirin ya tashi, saura ɗan gyara, na ce gobe da safe.

Ni mai son auna sararin sama, kalandar da ke bangon kicin ɗinmu ban duba ba. Alhamis ce bikin Saraswati, allahiyar ilimi a wurinmu 'yan Hindu.

Da safe na tarar da teburina wayam. Thamma, kakata ta wajen uba, ta kwashe littattafan gidan kaf ta jera a ƙafafun mutum-mutumin Uwa Saraswati, kwamfutata a can sama, an ɗiga mata jan gari an lulluɓe ta da furanni. Abin da aka ajiye a nan ba a taɓa shi sai washegari. Ranar ba karatu, ba rubutu. Da ina yarinya babu ranar da nake so kamarta.

Na bi Baba har bakin ƙofa ina roƙon ya sa baki. Ya ce shi ba ruwansa, in je in gaya wa uwarsa da bakina. Na kira ƙawata Madhuja ko za ta ara min tata, ta kwashe da dariya ta ce tata ma tana can cikin furanni. Ko da ta ara min, aikin yana cikin tawa.

Na je na zauna kusa da Thamma. Tun asuba ba ta sa komai a bakinta ba, duk domina. Ita da ba a taɓa sa ta makaranta ba, ko sunan abin da zan karanta ba ta iya faɗa.

"Ke Titli, daina zumɓura baki," ta ce. "Taki na sa a saman na kowa, don Uwa ta fara gani."

Kwamfutar na gabana, miƙa hannu kawai zan yi. Haushi ya cika ni, tausayi ya hana ni motsi. Aka raba khichuri, dafa-dukan shinkafa da wake, da magarya, na ci ban ji ɗanɗano ba. Ina zaune a wurin inuwar mangwaro ta haye tsakar gida, rana ta faɗi, aka kunna fitila.

Washegari Thamma ta kawo min ita da hannu biyu, ta kakkaɓe furannin da gefen zanenta.

"Buɗe ki tura musu. Yanzu in ga wanda zai hana ki."

Na durƙusa na taɓa ƙafafunta yadda muke girmama manya, na ce to.