Wa Ya Kira Sale?

Duk Limawa babu wanda bai san haukan da Gwadabe yake yi a kan dambe ba. Shi ba mahauci ba, bai taɓa naɗa zare a hannu ba, kuma in gaskiya ake so ko bunsuru ba zai iya kayarwa ba. Gajere ne, ƙafafunsa sun lanƙwashe saboda hawan dabino, sana'ar da ya gada ke nan. Amma da zarar kaka ta yi, an ɗaure gero, mahauta sun fara yawon dambe gari-gari, to sai dabino ya yi haƙuri. Gwadabe ya bi Sale.

Salen nan mahauci ne daga wajen Ringim, ana masa laƙabi da Karya-Ƙofa, kuma Gwadabe zai rantse maka ba a taɓa haihuwar hannu irin nasa ba. Makaɗinsa wani dattijo ne, Baba Uwaisu mai kalangu. In Sale zai shigo fili, sai Baba Uwaisu ya matse kalangu a hammata ya kaɗa takensa, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai. Kalangun ya tambaya, "Wa ya kira Sale?" 'Yan kallo su amsa baki ɗaya, "Wanda ya yi sallama da gida!"

A wajen wannan amsa Gwadabe ya samu Bubayero. Ran nan a filin Ringim Sale ya shimfiɗe wani ƙato da naushi ɗaya, Gwadabe ya daka tsalle ya rungume na kusa da shi bai ma duba ba. Da ya ɗaga kai sai ya ga wani dogon Bafillace, siriri kamar karan dawa, yana ta ihu har malfarsa ta faɗi.

"Kai, Bafillace, me ya kawo ka wasan mahauta? Su ne fa masu yanka muku shanu."

"Yo ai shi ya sa nake zuwa, Kaɗo, in ga ana jibgarsu," in ji dogon. "Amma wannan Salen, wallahi ko saniyar Dada ya nema zan ba shi."

Ashe rugarsu tana bayan duwatsun Dutse ne, ba nisa da Limawa. Tare suka komo gida, suna sake damben nan da baki tun daga Ringim, wannan ya gwada yadda Sale ya goce, wancan ya ce ƙarya ne ba haka ya yi ba. Daga nan shi ke nan. Bubayero ya kawo nono, Gwadabe ya ba da dabino. Dada, mahaifiyar Bubayero, ta ware wa Gwadabe ƙoƙonsa daban. Ranar da mahaifin Gwadabe ya rasu, Bubayero ne ya fara sa kafaɗa a makara. Gwadabe yana da 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, amma babu wanda yake ƙauna kamar Bafillacen nan, kuma ba ya jin kunyar faɗa.

Abu ɗaya ne suke tsokanar juna a kai kullum. Bubayero ba ya jin maganar kalangu. Hausarsa ta gaisuwa ce da ciniki. In fatar kalangu tana magana shi dai ƙara yake ji mai daɗi. Ya san gudun taken Sale, ya san inda ake amsawa, iyakarsa ke nan.

"Kunnen nan naka na shanu ne," Gwadabe kan ce. "Ganga tana Hausa, kai kana gyaɗa kai kamar ƙadangare."

"Ƙafar nan taka ta dabino ce," Bubayero kan mayar masa. "Ba don ni ba da ƙeyar mutane za ka riƙa kallo."

Wannan kam gaskiya ne. In sun doshi garin da za a yi dambe, Bubayero ne ke buɗe ƙafa ya yi gaba, ya kama musu wuri a sahun farko, ya kifa malfarsa a ƙasa a madadin Gwadabe. In Gwadabe ya iso ya tarar fili ya cika, sai ya ɗaga murya, "Wa ya kira Sale?" Bubayero ya ɗaga sanda ya amsa. A tsakaninsu ma'anar kiran ɗaya ce: ga ni nan tafe, kada ka motsa. Kuma Bubayero bai taɓa motsawa ba, ko da za a tattake shi.

Sai ga shekarar da aka ce Nasara yana yaƙi da wani Nasara ɗan'uwansa can gabas, ƙasar duwatsu da ruwan sama. Yaƙin bai zo Dutse ba, labarinsa ne ya zo, kuma labarin babu daɗi. Wai ana ɗibar majiya ƙarfi su ɗauki kayan soja a ka, tafiyar da ba a san ƙarshenta ba. An ce waɗanda aka ɗiba daga wajen Taura har yau shiru kake ji. Mutane suka rage cin kasuwar nesa, in an hango baƙo a hanya sai a ratse ta cikin dawa.

Ana tsakiyar marka, gero ya kai kafaɗa, wani baƙo ya ratsa kasuwar Dutse yana shela cewa Sale Karya-Ƙofa zai yi dambe ranar kasuwar wani gari a kan hanyar Taura. Babu wanda ya san baƙon, kuma bai tsaya ko ruwa ya sha ba.

Gwadabe yana kan dabino Bubayero ya iso yana haki. "Kaɗo, sauko! Sale!"

Gwadabe ya sauko, ya ji labari, ya tsaya yana sosa ƙeya. "Dambe da damina? Wa ya taɓa gani? Mahautan ma ai suna gona."

"Oho dai. Ni in Sale zai ɗaga hannu, ko a cikin kogi ne ina wurin."

Ran Gwadabe bai kwanta ba, amma fa ka san mai son abu. A ce Sale ya yi dambe, wani ya gani ya zo yana ba shi labari? Ina! Da safe ya biya ta ruga. Dada ta miƙo musu fura tana kallon ƙasa, ta ce, "Ku bar tafiyar nan, 'ya'yana. Jikina bai ba ni ba." Bubayero ya yi dariya, ya ce jikin Dada ko rafi za shi ba ya ba ta. Suka kama hanya.

Rana ta karkata suka hango garin. Kamar kullum, Bubayero ya saɓa sanda a kafaɗa ya yi gaba, Gwadabe ya tsaya a rafi ya yi alwala ya ba da farali, sannan ya biyo a hankali. Tun daga bakin gari ya fara shan jinin jikinsa. Garin da mahauta suka sauka, ai tun daga nesa ake ganin ungulaye suna shawagi, hayaƙin tsire yana tare ka a hanya. Nan kuwa sama fayau, ko ungulu ɗaya babu. Ya gamu da wasu mata masu tallan fura suna fitowa da ƙwaryarsu cike, suna sauri. Ya gaishe su, babu wadda ta amsa.

Sai ya ji kalangu. Hannun Baba Uwaisu ne, ko cikin barci zai gane shi, har ya fara murmushi. Gudun kiɗan shi ne, bugun shi ne. Amma da ya kasa kunne sai murmushin ya bushe a fuskarsa, don fatar ba tambayar da ta saba take yi ba. Cewa take, "Ku koma gida, babu Sale. Ku koma gida, babu Sale."

Ya duba, ga mutane suna zamewa daga taron ɗaya-ɗaya, kamar masu zagayawa, suna shigewa cikin gero ba waiwaye. Masu kunne ke nan. A bayan wata rumfa ya hango tarin sabbin igiyoyi, da gefen wata jar hula irin ta soja. Can a tsakiyar fili ga Baba Uwaisu yana kiɗa, gumi ya jiƙe masa riga, wani ƙato yana tsaye a bayansa daf da shi, tsayuwar da ba ta ɗan kallo ba. Waɗanda suka rage a zaune samari ne da baƙi da Fulani, suna tafi, suna jiran Sale.

Bubayero yana cikinsu, kuma Bubayero ba ya jin kalangu. Gwadabe ya yi ɗage, ya yi tsalle, ƙeyar mutane kawai yake gani. Tilas ya san inda yake kafin ya fizgo shi. Hankalinsa a tashe, bakinsa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru.

"Wa ya kira Sale?"

A daidai lokacin wasu suka gusa, ya hango shi. Wayyo Allah! Ashe Bubayero a tsaye yake. Makiyayi ne, in garke ya fara watsewa yana sani ko ba a faɗa masa ba. Ya riga ya ɗauke malfarsa daga ƙasa, ya juya zai fito neman abokinsa. Yana jin kiran nan fuskarsa ta washe, ya ɗaga sanda, ya amsa da iyakar muryarsa, "Wanda ya yi sallama da gida!" Sannan ya mayar da malfar ƙasa, ya koma ya zauna kusa da ita.

"Ba haka ba! Buba, gudu! Gudu!"

Usur ɗin da aka busa ya haɗiye maganar. Jajayen huluna suka fito daga bayan rumfuna ta ko'ina, fili ya hargitse. Aka banke Gwadabe ya gangara cikin gero, ya rarrafa har gindin wata giginya, ƙafafun nan da ba su iya tafiya ba suka yi abin da suka iya. Daga can sama, cikin ganye, ya ga filin gaba ɗaya, ganin da bai taɓa samu ba a duk yawon dambensa. Ya ga masu gudu suna gudu, wasu sun tsira. Ya ga Bubayero, wanda in ya so babu sojan da zai kamo shi, yana tsaye a kan malfa, yana juyawa hagu da dama yana leƙa fuskokin mutane. A nan igiya ta same shi.

Da aka kora waɗanda aka kama, ƙura ta lafa, Gwadabe ya sauko. Malfar tana nan an tattake ta. Baba Uwaisu yana zaune a ƙasa, kalangu a kan cinyarsa.

"Baba, ina Sale?"

"Shi suka fara ɗaurewa, ɗana, kafin su zo kaina. Na faɗa muku iyakar abin da fata za ta iya faɗa."

Gwadabe ya kai wa Dada malfar. Ta karɓa da hannu biyu, ba ta tambaye shi komai ba, wannan kuwa ya fi masa ciwo a kan a zage shi. Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, aka ci gaba da dambe da sabbin gwanaye, Gwadabe bai ƙara taka fili ba. In ya jiyo kalangu, ko na biki ne, sai ya sake hanya. Aikinsa ya zama tare duk wanda aka ce ya dawo daga ɗaukar kaya, ya cika masa hannu da dabino, ya tambaye shi.

Haka ya tare wani mai suna Mailafiya, mutumin wajen Zazzau da ke ratsawa zuwa gida, ya rame sai ƙashi, yana tari.

"Bafillace dogo, siriri?" in ji Mailafiya. "Akwai wani da aka raba da mutanen garinsu aka haɗa da mu. Zazzaɓi ne ya kayar da shi a bakin wani kogi, mu muka rufe shi. Allah ya jiƙansa."

Gwadabe ya yi salati a hankali.

"Da fari mun ɗauka taɓuwa ya yi," Mailafiya ya ci gaba. "Duk zangon da muka gamu da wani ayari, kafin ya sha ruwa sai ya miƙe ya ƙwala kira, wai wa ya kira Sale, ya tsaya ya kasa kunne. Ya ce yana da aboki Kaɗo, gajere, ba ya iya tafiya. Ya ce ya ji muryarsa ranar da aka kama su, lalle shi ma an kama shi, kuma kayan nan kashe shi za su yi. Nemansa yake ya karɓar masa kaya."

Ya tauna dabino, ya tofar da ƙwallon, ya dubi Gwadabe.

"Malam, ka ga kamar ka san zancen. Wai mece ce amsar? Babu wanda ya taɓa amsa masa, abin ya daɗe yana damuna."

Gwadabe ya ɗago kai ya dube shi. Hawaye na zuba cikin kwandon dabino.

"Wanda ya yi sallama da gida," ya ce.