Ranar da Safwat Ya Wanke Bakinsa

Shekara goma sha huɗu Safwat Shukri ya yi yana tsayawa gaban mutane da makirfo a hannu yana ba su dariya, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa samun wanda ya zo kallonsa tare da uwarsa ba. Duk Iskandariyya an san shi: gajere mai tumbi, sanƙo ya ci rabin kai, baki kuwa kamar kwatar bayan kasuwa. Inda ya saba wasa wani ɗaki ne a ƙarƙashin wani gidan shayi kusa da tashar Raml, kujera sittin, hayaƙin taba ba ya barin a ga silin. Abin da yake faɗa a can a kan basir ɗinsa da daren aurensa da ƙanin matarsa, in mutum ya maimaita a gida sai an tashe shi daga kan abinci.

Saura wata biyu babbar Sallah wani gidan talabijin na Alƙahira ya neme shi. Suna son shiri na awa ɗaya, shi kaɗai a kan dandali, a nuna ranar Sallah bayan la'asar, lokacin da kaka da jika suka ƙoshi da nama suka baje gaban akwati ɗaya. Sharaɗinsu ɗaya ne: kada a ji kalmar da za ta sa wani uba ya fara lalubar rimot.

Da ya gaya wa matarsa Nashwa, sai da ta ajiye wuƙar da take yanka lalo da ita don dariya.

"Kai? Awa ɗaya? Ai in aka cire ashar daga bakinka sallama ce kaɗai za ta rage."

"Ke dai ki tanadi rigar da za ki sa," in ji shi. Amma cikinsa ya ɗuri ruwa.

Ya rubuta duk abin da yake da shi, shafi talatin da ɗaya, ya hau jirgin ƙasa ya kai. Wadda aka ɗora wa aikin tace shirin wata dattijuwa ce, Madam Ulfat, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, mai tabarau rataye da sarƙa da jan biro a hannu. Ta ba shi shayi, ta buɗe takardun, ta yi ta karatu fuskar nan ko motsi.

"Ustaz Safwat, shafi na huɗu. Ka ce a daren aurenku lif ya maƙale tsakanin hawa biyu. Gidan naku da lif ne?"

"A'a, Madam."

"To lif ɗin wa ya maƙale?"

"Ba lif ba ne na gaske."

"Na mene ne? Yi mini bayani, ɗana. Ni harkar injuna ban san kanta ba."

Mutumin da ya saba zagin ɗaki guda ba tare da ya ƙifta ido ba, sai ga shi yana share gumi da hular kwano a hannu, yana in-ina yana kallon ƙafar tebur. Haka ta yi masa shafi bayan shafi. Ta tambaye shi dalilin da ya sa ƙanin matarsa yake daɗewa a banɗaki da waya. Ta sa ya fassara mata abin da likitan basir ya ce da ya leƙa. In ya gama kame-kamensa sai ta ce "Af," ta ja layi. Da azahar ta yi, shafi tara ne suka tsira.

Biyu daga cikin taran nan ba ta taɓa su ba, in ban da kalma ɗaya da ta zagaye. Safwat na ganinsu ya miƙa hannu ya zare su ya cusa a aljihu.

"Waɗannan kuskure ne suka shigo, Madam. Ba na wasa ba ne."

Ta dube shi ta saman tabarau, ba ta ce komai ba.

Labarin mahaifinsa ne a shafukan. Ustaz Shukri ya yi shekara talatin da takwas yana koyar da nahawun Larabci, kuma ko "jaki" bai taɓa ce wa ɗalibi ba. In ransa ya kai maƙura wajen ɓaci sai ya ce "Allah ya shirye ka." Sana'ar ɗansa kuwa ko sunanta ba ya kira, in an tambaye shi sai ya ce yaron yana harkar taruka. Shekara uku da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, ya tafi da hannun dama da ƙafar dama da magana. Kalma ɗaya tak ciwon ya bar masa, wadda ba wanda ya taɓa jin ta a bakinsa: uwaka. Da ita yake neman ruwa, da ita yake gaisawa, da ita yake cewa ya ƙoshi. Tun daga lokacin yana gidan Safwat, a ɗakin da yake kallon teku.

Safwat ya koma gida ya cike gurbin awa ɗayan da abin da ya ga sauran masu bakin tsafta suna yi: cunkoson motoci, tsadar tumatir, surukai, yara da waya. Ya yi ta gwadawa gaban madubi, ko madubin bai ga alamar ya ji daɗi ba.

An ɗauki shirin wata Alhamis da ƙarfe uku na rana, a wani zauren wasa da gidan talabijin ya kama a nan Iskandariyya. Mutum ɗari huɗu, iyaye da 'ya'ya da kakanni, kowa ya sha ado. Da Safwat ya leƙa ta bayan labule, abin da ya fara gani shi ne keken marasa lafiya a ƙarshen layi na uku, da mahaifinsa a kai cikin kwat ɗinsa ta zuwa makaranta. Ya kira Nashwa a waya, yana ganinta tana ɗauka.

"Kin haukace ne? Shirin iyali ne!"

"To shi maƙwabci ne? Matar da take zama da shi ba ta zo ba, in bar shi da kyanwa? Kwantar da hankalinka, na taho da biredi da cuku, bakinsa ba zai samu sarari ba."

Aka kunna fitilu, ya fito, aka tafa. Tafin nan shi ne na ƙarshe da ya samu na tsawon minti ashirin da biyar. Ya yi na cunkoson motoci, wasu suka yi murmushin ladabi. Ya yi na tumatir, wata mata ta gyaɗa kai kamar tana jin labarai. Wani mutum a layin gaba ya ɓare lemo ya rarraba wa iyalinsa, ya miƙa wa na bayansa ma. Duk inda harshen Safwat ya saba ya zabura ya yi ashar sai ya taka masa birki, maganar ta fito gurguwa. Rigarsa ta jiƙe har tana manne da tumbi. A ƙarshe darakta ya tausaya masa ya ce a dakata minti goma za a canza batir.

Yana zaune a ɗakin shiri ya dafe kai Madam Ulfat ta shigo. Ta rufe ƙofa, ta cire tabarau ta sake shi a kan ƙirji. Sannan ta buɗe baki.

Ta fara da sanƙonsa, ta gangaro tumbinsa, ta sauka ƙasa da nan, ta kira kowane abu da sunansa na yanka. Ta ce masa matsoraci ɗan banza, ragon maza, ta haɗa da wasu kalmomi uku da shi kansa, da shekara goma sha huɗunsa a sana'a, bai taɓa jin an jera su haka ba. Safwat ya saki baki.

"Madam..."

"Madam ɗin ubanka. Ni 'yar mai kifi ce daga Anfushi, tun kafin a yaye ni na san abin da lif yake nufi. Na cire maka datti ina zaton zan tarar da mutum a ƙarƙashi, sai na tarar da farashin tumatir. Ina takardun nan biyu?"

"Yana cikin zauren, Madam. Mahaifina ne. Mutumin da ko sunan sana'ata ba ya iya faɗa."

"To je ka tambaye shi mana. Kurma ne?"

"Kalmar fa? Ke kika zagaye ta."

"Cewa na yi kada ta fito daga bakinka. Tashi, kana ɓata mini yamma."

Ya koma dandali ƙafafunsa na rawa. Bai tsaya inda aka yi masa alama da farin tef ba, ya tako har bakin dandalin ya durƙusa.

"Jama'a, ga mahaifina can, Ustaz Shukri, malamin nahawu. Baba, in ba su labarinmu?"

Tsohon ya gama tauna biredinsa a hankali. Ya ɗago kai, ya dubi ɗansa da idon da yake buɗewa sosai, ya ce da muryar malamin da ya saba a ji shi har kujerar baya:

"Uwaka."

Zauren ya yi tsit. Wata mata ta toshe wa 'yarta kunne.

"Ya ce eh," in ji Safwat.

Dariya ta fashe daga baya ta gangaro gaba. Daga nan bai sake waiwayar tumatir ba. Ya ba su labarin mutumin da ya san kalmar Larabci fiye da gashin kansa, ciwo ya zo ya kwashe duka ya bar masa ɗaya, ita ma ba daga littafi ba. Ya ba su na ranar da limamin unguwa ya zo dubiya ya yi addu'a mai tsawo, kowa ya shafa ya ce amin, sai Baba ya ce... Safwat ya yi shiru ya miƙa makirfo wajen layi na uku, tsohon kuwa ya cike gurbin a kan lokaci, kamar sun yi wata guda suna gwaji. Mai lemo ya ƙware har sai da matarsa ta bubbuga masa baya.

Ya ba su labarin fo, da yadda mutum yake gane matsayinsa a duniya in yana tafe da shi cike a hannu waya ta yi ƙara a aljihu. Ya ba su na wankan Juma'a.

"Ranar farko da na cire masa wando na ga garinmu na asali. Na rasa abin yi, sai na yi wa wurin sallama."

Kakanni suka fi kowa dariya, wasu suna share ido da gefen mayafi. Ustaz Shukri ma dariya yake da rabin fuskar da take aiki, kafaɗarsa ɗaya na girgiza, Nashwa na goge masa haɓa.

Can wajen ƙarshe muryar Safwat ta sauka ba da niyyarsa ba. Ya ce akwai wata Juma'a da ya gama yi masa wanka, ya shafa masa mai, ya sa masa jallabiya, zai tashi sai tsohon ya riƙe masa wuyan hannu da hannun hagu, ya faɗi kalmar a hankali, sau ɗaya.

"Shekara arba'in da ɗaya ina jiran ya sa mini albarka," in ji shi. "Ranar ya sa."

Ba wanda ya yi dariya. Sai wata tsohuwa daga can sama ta ce "Amin!" da ƙarfi, zauren ya sake rushewa, aka miƙe ana tafi.

A Alƙahira manyan gidan talabijin sun yi kwana uku suna gardama. Madam Ulfat ta mai da tabaranta, ta nuna musu a rubuce cewa mai shirin bai furta kalmar banza ko ɗaya ba, abin da wani ɗan kallo mara lafiya ya faɗa kuwa ba ta da iko da shi. Aka yanke minti ashirin da biyar na farko, aka ɗora ƙarar usur a kan kowace kalmar tsohon, aka nuna shirin ranar Sallah. Wasu sun kira sun yi ƙorafi. Wani ya rubuta a jarida cewa Safwat ya tozarta mahaifinsa a bainar jama'a, Nashwa ta karanta wa tsohon rubutun, ya ba da amsar da ta dace. A ɗakin ƙarƙashin gidan shayi kuwa tsofaffin 'yan kallonsa suka sa masa suna Ustaz Sabulu, suka ce ya sayar da bakinsa. Ya rama da abin da ya saba, ba a rage komai ba.

Bayan Sallah da mako ɗaya yana kasuwa da safe yana zaɓen kubewa, wata mata mai jiki ta tsaya a gabansa ta ƙura masa ido. Ya gyara tsayuwa ya tsotse tumbi, yana jiran ta ce a ɗauki hoto.

"Kai ne na talabijin? Mijina ma haka yake kwance, wata bakwai ke nan, ga shi ƙato. Ta yaya kake ɗaga naka daga gado bayanka bai karye ba?"

Safwat ya ajiye kubewar. Ya roƙi mai kayan miya ya ara masa buhun albasa, ya zaunar da shi a kan benci.

"Ga mijinki. Kada ki sunkuya, Hajiya, gwiwa za ki lanƙwasa. Ki sa hannu ta ƙarƙashin hammatarsa, ki rungume shi kamar kina sonsa."

"Kamar dai," in ji matar, ta tattare hannun riga ta matso.