Kujerar Baya Daga Damagaram Zuwa Tanut

Motar Kawu Haris baƙa ce, doguwa, kuma cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Ran da ya shigo da ita Tanut daga Yamai, inda yake shugabancin wani kamfani, sai da yaran unguwarmu suka share masa yashin ƙofar gida da fatanya kafin ta iya ƙarasowa. Mu a nan mun saba da motoci masu tsayin ƙafa, irin waɗanda ake ɗora wa buhunan hatsi da awaki a bi Gangara ko Belbeji da su. Wannan kuwa ko bakinta ba a ji. Tana tsaye tana aiki, kaza ta shige ƙarƙashinta ta kwanta.

Kawu ya zo ne don ya kai kakana, Malam Manzo, aikin ido a Damagaram. Idon Kaka na hagu ya mutu tun yana saurayi, ƙaya ce ta soke shi a hanyar Agadas lokacin da yake kai gero bisa raƙuma. Na daman ne ya riƙe shi duk tsawon rayuwarsa, shi ma yanar ido ta rufe shi har ya zama haske da inuwa kawai yake bambancewa. Idan aka rasa wannan, shi ke nan.

Da yammacin da za mu tafi washegari, na tsaya ina leƙen cikin motar ta gilashi. Kawu ya kama ni.

Ya ce, “Zuhaira, shiga mana. Ba ta cizo.”

Na cire takalmi na shiga, ya yi ta dariya. Kujerar baya ta dama tana kwantawa kamar gado, har da wurin miƙe ƙafa. A gaba kuma, kusa da hannun direba, akwai wani ɗan abu zagayayye da ake murɗawa, an rubuta kalmomi biyu da Faransanci a gefensa: konfor da sipor. Na tambaye shi amfaninsa.

Ya ce, “A konfor, motar tana sassauta ƙafafunta, ta haɗiye ramuka, ta rufe bakin inji. Wannan na mai zama a baya ne. A sipor kuma ta ɗaure jikinta, ko tsakuwa ka taka sai ka ji, injin ya yi gurnani. Wannan na mai tuƙi ne.”

Na ce, “To wa aka yi wa motar? Na baya ko na gaba?”

Kaka yana zaune a tabarma yana jinmu. Ya ce, “Amarya ta yi tambaya. Raƙumin sukuwa daban, na ɗaukar mata daban. Wanda ya ce maka nasa yana yin duka biyun, duba haƙoransa.”

Amarya yake ce mini tun ina goye. Ni kuma idan ya dame ni na ce masa tsohon ango.

A tafiya babu abin da ya faru. Kaka ya ƙi kujerar baya, ya ce shi bai taɓa bin bayan ayari ba, ya zauna gidan gaba yana kallon inuwar itatuwa na wucewa. Inna ce ta ce a tafi da ni, don ni ce nake iya karanta takardar magani ba tare da na tsallake layi ba, kuma ni kaɗai Kaka yake bari na riƙe masa hannu.

An yi aikin da safe. Da azahar wata ma'aikaciya mai suna Madam Zalika ta fito da shi, an rufe idon da auduga da filasta. Kaka ya rantse ba zai kwana a Damagaram ba, likita ya gaji ya yarda, ya ce ma'aikacin ido na Tanut zai buɗe da safe. Madam Zalika ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta riƙe kafaɗata.

Ta ce, “Ki saurara, ƴata. Kada ya sunkuya. Kada ƙura ta shiga. Kada a jijjiga shi. Babban abu kuma, kada hannunsa ya kai wurin nan. In ya murza idon, aikin ya lalace.”

Na maimaita mata su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce madalla.

Wannan karon Kawu bai nemi shawara ba. Ya kwantar da kujerar baya, ya ce, “Baba, a irin wannan mota nan ne wurin manya. Ministoci ma nan suke zama.”

Kaka ya ce, “Shi ya sa ba su san hanya ba.” Amma ya shiga.

Na zauna gefensa na riƙe hannunsa na hagu. Kawu ya rufe gilasai, ya kunna sanyi, ya murɗa abin nan zuwa konfor. Muka fita gari, gidaje suka ƙare, gonakin gero suka fara. Kamiyo, babbar motar kaya, ya wuce mu, ban ji komai ba sai ɗan shuu kamar an ja zane.

Can Kaka ya ce, “Haris, me muke jira?”

“Jira kuma, Baba?”

“A tashi mana. Ko man ne babu?”

Na ce, “Kaka, ai mun daɗe da barin gari.”

Ya ce, “Amarya, tun yanzu kin fara yi wa mijinki ƙarya?”

Muka yi dariya ni da Kawu. Shi bai yi ba. Ya juya kansa dama, ya juya hagu, a hankali, kamar mai neman inda kira ya fito. Na ji tafin hannunsa ya fara jiƙewa duk da sanyin motar.

Ya ce, “Ina gabas?”

Na ɗaga hannunsa na nuna masa wajen taga ta dama.

“Da me kika sani?”

“Arewa muka nufa, Kaka.”

“Ke kika ce. Ni ban ji mun nufi ko'ina ba.”

Sai a lokacin na fara fahimta. Na rufe idona don na gwada. Da gaske ne: babu ƙara, babu girgiza, babu iska, babu warin komai sai na fatar kujera. Ban iya jurewa ba na buɗe. Shi ba shi da abin buɗewa. Mutumin da ya yi shekaru yana gane ƙasa da yadda raƙumi ke taka ta, daga baya kuma da yadda kamiyo ke jefa shi bisa buhuna, ga shi an ɗauke masa ido, mota kuma ta ɗauke masa sauran.

Ya ce, “Kamar an sa ni a rumbu an liƙe baki.”

Kawu ya dubo mu ta madubi. Ya ce, “Bari na sa maka abin da zai kwantar maka da jiki, Baba.” Ya taɓa wani wuri. Ashe kujerar tana yin tausa. Na ga bayanta yana motsi ƙarƙashin rigar Kaka.

Kaka ya zabura. “Akwai abu mai rai cikin kujerar nan.”

“Tausa ce, Baba.”

“Wa ke ciki?”

“Ba kowa, na'ura ce.”

“Kashe ta. Ban san mutum ba, ba zai taɓa mini baya ba.”

Kawu ya kashe, amma an riga an tayar masa da hankali. Hannunsa na dama, wanda ban riƙe ba, ya tashi ya nufi fuskarsa. Na faɗa kansa na cafke. Ban san tsoho yana da irin wannan ƙarfi ba. Yatsansa ya kai gefen filastar har ya ɗan ɗaga ta.

Ya ce, “Kaɗan zan ɗaga. In ga haske kawai, in san ina duniya.”

“Kaka, don Allah. Madam ta ce a'a.”

“To a buɗe taga.”

Kawu ya ce, “Ƙura, Baba. Ga kamiyoyi.”

Muka tsaya kafin Bakin Birji. Kaka bai ma san mun tsaya ba sai da aka buɗe ƙofa. Na lulluɓe masa fuska da rawaninsa, ya sauko da ƙafa ɗaya ya taka ƙasa. Nan da nan numfashinsa ya daidaita. Ya ji kukan jaki daga nesa, ya ce wannan jakin yunwa yake ji. Ya sha ruwa. Muka ce shi ke nan, ya wuce. Amma ana rufe ƙofa, motar ta sulale, ba a jima ba hannun ya sake tashi. Yanzu hannayensa biyu nake riƙe da su, na danne su a cinyarsa, kafaɗuna har sun fara ciwo. Tanut kuwa da sauran tafiya mai yawa.

Ya ce a hankali, “Zuhaira, zuciyata na tashi.”

Bai taɓa kiran sunana ba sai in abu ya yi tsanani. In ya yi amai zai sunkuya, Madam kuma ta hana. Na duba gaba ban san abin da nake nema ba, sai idona ya sauka kan ɗan abin nan zagayayye.

Na ce, “Kawu.” Bai ji ba, na sake. “Kawu, in ka mayar da ita sipor fa?”

“Ke, an ce kada a jijjiga shi.”

“An ce kuma kada ya taɓa. Ni na kusa gajiya. Ka ce a can ko tsakuwa ana ji.”

“Wannan na gudu ne.”

“Dole sai an yi gudun?”

Ya dubo ni ta madubi. Na ji kunya ta kama ni, don ban saba mayar wa babba magana ba. Ya rage tafiya sosai, ya ce bismillah, ya murɗa.

Motar ta sauya kamar an tashe ta daga barci. Wani gurnani mai kauri ya taso daga ƙasa, kujerar ta yi tauri, kwalta ta fara magana a ƙarƙashinmu, ƙananan duwatsu da faci da tsagewa, kowanne da irin motsinsa. Ba jijjiga ba ce mai jefa mutum. Kamar dai ka ɗora hannu a wuyan dabba tana tafiya.

Kaka ya tsaya cak. Ya ce, “Cire mini takalmi.”

Na saki hannu ɗaya da tsoro, na cire. Ya sauke ƙafafunsa daga wurin miƙewa ya shimfiɗa tafinsu a ƙasan motar.

Ya ce, “Yawwa. Ga ta nan. Ashe tana da ƙafafu.”

Hannunsa ya saki a cikin nawa. Muka ɗan hau tudu, ya ce mun hau. Muka karkata, ya ce nan hanya take kauce wa tsohuwar rijiya, da can a nan suke sauke raƙuma su kwana. Ni dai ban ga rijiya ba. Ya tambayi Kawu dawaki nawa aka ce injin yana da su, Kawu ya faɗa masa, ya ce to me suke ci. Ya ce a ɗan taka ya ji. Kawu ya taka kaɗan, motar ta yunƙura, Kaka ya yi wata ƴar dariya da ban taɓa ji ba, ni kuwa na ce a rage, a rage.

Gab da Sabon Kafi ya ɗaga yatsa. “Haris, yi hankali. Akwai babban kwari nan gaba, mai karya ƙashin baya.”

Muka wuce sumul.

“Ina kwarin?”

“An cike shi, Baba. An daɗe.”

“Wa ya ce su cike? Da me mutum zai gane ya iso?”

Haka muka yi ta tafiya. Motocin kasuwa masu kaya har sama suna wuce mu, yaran mota suna leƙowa suna mamakin wannan baƙar mota mai gurnanin zaki da tafiyar amalanke. Wani ma ya yi mana alama da hannu ko lalacewa ta yi. Kawu ya ce da waɗanda suka ƙera ta za su ga abin da ake yi da sipor ɗinsu a nan ƙasarmu ta Damargu, da sun yi kuka. Na waiga wajen Kaka. Barci ya ɗauke shi, kansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, filastar tana nan yadda Madam ta liƙa ta sai ɗan gefen da ya ɗaga. Ban saki hannunsa ba har muka ga fitilun Tanut ana fara kunna su.

Da safe ma'aikacin ido ya zo har gida, saboda Kaka ya ce ya gama shiga mota a makon nan. Inna ta tsaya a bakin ɗaki tana addu'a. Aka ɓare filasta, aka ɗauke auduga, aka goge. Kaka ya yi ta ƙifta ido, ruwa na zuba. Ni na kasa kallo, na kasa kuma kau da kai.

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, “Wannan ce amaryar? An cuce ni. Duk ido ce.”

Inna ta fashe da kuka da dariya tare. Ma'aikacin ya ɗiga magani, ya ce aiki ya yi kyau, a ci gaba da kiyayewa.

Kaka ya ce a kai shi ƙofar gida. Na riƙe shi muka fita, na yi masa inuwa da mayafina. Motar tana nan inda aka share mata yashi, kazar nan ta koma ƙarƙashinta. Ya zagaya ta a hankali yana shafa jikinta. Ya so ya sunkuya ya duba ƙafafun, na ja rigarsa, ya fasa.

Ya ce, “Haris, ashe baƙa ce.”

“Baƙa ce, Baba.”

“Jiya da na ji tafiyarta, na ɗauka fara ce.” Ya leƙa ta gilashin gaba, ya sa hannu ya kare haske. “Amarya, zo ki nuna mini abin da aka murɗa.”