Sandar da Yaya Datti Ya Jefa

Mijina Maiwada da yayana Datti sun fara farauta tare tun ban isa talla ba. Yaya Datti yana Gafasa, mu muna Balan, amma da an gama girbi sai ka rantse gida ɗaya suke kwana. A kan komai bakinsu ɗaya, ban da maganar mage.

Maguna sun cika dajin da suke shiga. Duk wanda magensa ta dame shi da sata a Gaya sai ya jefa ta a buhu, ya hau babur, ya je can ya kwance ta, ya dawo yana ganin ya yi aikin lada tunda bai kashe ta ba. Haka suka hayayyafa, suka yi ƙiba, suka daina sanin mutum.

Maiwada yakan ce, "Magen da ta saba da daji ta tashi daga mage. Ta sha ƙwan makwarwa, ta cinye 'ya'yan zomo, mu kuma mu dawo da jaka wayam."

Yaya Datti ya ce, "Abin da ba za ka yanka ka ci ba, me ya kai ka ɗaukar ransa? Ita ta kai kanta dajin? Mu muka kai ta."

Shi ya sa ya hori karnukansa tun suna ƙanana, ba sa ko kallon mage. Ni dai nakan ajiye musu fura in ce wanda ya ci gardamar ya wanke ƙwaryar. Ban taɓa zaton abin zai wuce dariya ba.

Abokan farautarsu ne suka ba ni labarin ranar. Durwa, karen Maiwada, ya taso wata mage mai shayarwa daga gindin sabara, ya matsa mata. Yaya Datti ya yi ta ihu a kira kare, Maiwada yana dariya. Sai Yaya ya jefa gorarsa don ya raba su. Ta sauka a ƙugun Durwa.

A kafaɗa Maiwada ya shigo da shi gida. Ya gasa masa wurin, ya ɗura masa madarar da ni ban samu ba lokacin jego, amma ƙafafun baya ba su sake takawa ba. Ba a jima ba ya mutu. Ga mafarauta kuwa, ka doki karen mutum a gaban jama'a daidai yake da ka wanke shi da mari.

Yaya Datti ya zo da goro da wani dattijo. Maiwada ya tarbe su a zaure, ya ce, "Ba komai." Da ya yi zagi ma da ya fi, don daga wannan "ba komai" ɗin bai ƙara taka Gafasa ba.

Na ce, "Haba Malam, kare ne fa."

Ya ce, "A kan mage fa."

Raina ya ɓaci da su duka, tsofaffi biyu da furfura. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Sai ƙafafun Yaya suka fara kumbura, aka yi ta zarya da shi asibiti. Na ce wa Maiwada mu je dubiya. Ya ce sai an gama noman fari. Aka gama, ya ce sai ranar kasuwa. Ba zan zalunce shi ba, ya yi niyya, har ya sa na wanke masa babbar riga. Tana kan igiya ba ta bushe ba waya ta shigo.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Fatsuma matar Yaya ta sa aka kira Maiwada bakin ƙofar ɗakinta. Daga bayan labule ta ce, "Akwai kare a bayan rumbu, naka ne. Marigayi ne ya rene shi, yana jiran ranar da za ka zo. Duk karnukan gidan nan ya hana su bin mage, amma wannan ya ce a bar shi, tunda na Maiwada ne."

Mijina ya je ya durƙusa gaban karen nan ya riƙe igiyarsa. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa jin kukansa ba sai ran nan.

Karen yana tsakar gidanmu yanzu. In mage ta gilma a kan katanga ya zabura, sai in ji Maiwada ya ce masa a hankali, "Kai, bari." Ni kuwa sai in shige ɗaki, don wanda ya kamata ya ji wannan kalmar ba ya nan.