Ruwan da Goro Ya Sha

Dankon da ke bakin kwalbar a karye yake. Masa'udu ya ɗaga ta biyu, ya ɗaga ta uku, duk haka. Yana tsugune gaban akwatinsa a tashar jirgin ƙasa ta Parakou, jirgin Kwatano na huci a bayansa.

Aikinsa binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rani guda ya kwashe yana bin rijiyoyin garinsu, Djougou, yana ɗibar ruwan kowace a kwalba yana liƙewa. A Turai za a auna wasu ƙwayoyi a ciki, waɗanda ake kira isotop, su faɗi shekarun ruwan: na damina ne mai sabuntawa, ko kuwa tsoho ne wanda in an zuƙe shi ke nan. Da amsar za a san inda za a haƙa wa garin burtsatse. Masu ba aikin tallafin kuɗi kuwa sun ce wannan ne zagayen ƙarshe. In akwatin kwalaben bai isa Turai ba, a rufe aikin.

Motar ma'aikata ba mai, shugabansu Kamarad Darakta ya ce juyin juya halin da ƙasa ke ciki na son haƙuri. Dole Masa'udu ya ɗora akwatin a motar goron Kawu Ladan, ƙanen mahaifiyarsa, shi ya yi gaba a babur ya kama wa akwatin wuri a jirgin Kwatano, daga can sai Turai.

Ga Kawun nan tsaye, har da murmushinsa, bawan Allah. Ya ce mota ce ta mace musu a hanya, rana kamar ta dafa mutum, ganyen huhu ya fara ƙamewa. To, wanda aka haifa a gidan fatake ba ya kallon goro na jin ƙishi. Ya buɗe kwalaben ya yayyafa. Amma shi ba maci amana ba ne: suna isowa ya cika su a famfon tasha, kowace har wuya, da ruwa garai-garai, ba irin wancan mai laka ba.

Wallahi da wani ne da ya sha zagi. Masa'udu ya dubi furfurar mutumin da ya biya masa makaranta da goron nan, ya mayar da kwalbar cikin akwati.

Akwai sauran danko a jakarsa. In ya sake liƙewa, akwati zai tafi, tallafi zai ci gaba, Darakta zai yaba. Turawa za su auna ruwan famfon Parakou su rubuto cewa ruwan Djougou ɗanye ne shakaf, a haƙa ko'ina. Komawa ɗiba kuma babu: hadari ya riga ya haɗo ta gabas, in ruwan sama ya shiga rijiyoyin sai baɗi, baɗi kuwa ba tallafi. Ya tuna da rijiyar ƙofar gidansu, wadda kowace shekara sai an ƙara wa guganta igiya.

Jirgi ya yi kuka. Ɗan dako ya miƙo hannu zai ɗauki akwatin, Masa'udu ya girgiza kai. Ya fara tsiyayar da kwalaben a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya.

Murmushin Kawu Ladan ya ɓace. Ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna kusa da shi, yana kallon ruwan na bin ƙasa har taragon ƙarshe ya wuce.

"Ɗana, ashe da gaske kake, ruwa ma yana da shekaru?"

"Yana da su, Kawu."

Tsohon ya juya ya dubi huhunan goronsa, jere a inuwa, ganyensu shar.

"To wanda suka sha ɗin, shekararsa nawa?"

Masa'udu ya kife kwalbar da ke hannunsa a cikin akwati.

"Abin da na so in sani ke nan, Kawu."