Ratar da Ba Ta Cikin Takarda

Jibirilla yana cikin fafe bakin katako da kurfi, Badamasi ya faɗo warsha, ɗakin aikin nasa, ko sallama babu, ya dangwara masa takarda a kan aikin.

"Daga mudir, shugaban kamfani."

"Ka san ba na karanta Larabcin lauyoyi. Faɗi abin da aka aiko ka."

Shekara shida suka yi a kamfani ɗaya a unguwar Naseem, nan ƙasar Larabawa, suna yi wa masu hali rufin katako, kafin Jibirilla ya sauya kafil, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, ya dawo unguwar Ulaisha. A can Naseem ya nuna wa Badamasi haɗin da ya gada wurin mahaifinsa a Damagaram, inda katako biyu ke cizon juna, ba ƙusa ba gam. Ya nuna masa ne don ɗan gida ne, ga shi ya yi boko ya iya zane. Ashe rijiya ta ba da ruwa, guga na jira.

"An yi wa haɗin rajista da sunan kamfani," in ji Badamasi. "Mamnu'. An hana. Ka sake yin sa, sai kotu. Ka kuwa san abin da kotu ke yi wa iƙamar baƙo, takardar zamansa."

"Haɗin ubana? Da kai da mudir, wane ne ya taɓa riƙe zarto?"

"Ubanka yana da takarda?"

Ran Jibirilla ya ɓaci. Ya ajiye kurfin nesa da kansa, ya ɗauki takardar. Rubutun bai gane ba, amma zanen nasa ne, kamar an ɗauki hoton ɗansa an sa masa sunan wani. Sai idonsa ya tsaya a ƙasan haɗin.

"Ina ratar da ke nan?"

Badamasi ya yi dariya. "Wannan rashin saitin naka? Na toshe shi. Gyara ma na yi maka."

Ratar ba ta wuce kaurin bakin wuƙa ba. Mahaifin nasa ba ya taɓa mantawa da ita, domin katako yana kumbura in ya sha danshi, in bai sami wurin miƙewa ba sai ya tsage. Ita kaɗai ta rage wa Jibirilla. Yana faɗin amfaninta, gobe za a ƙara ta a takarda.

"Rufi nawa kuka yi da wannan zanen?"

"Goma sha ɗaya. Hassada za ka yi?"

Jibirilla ya ninke takardar, ya cusa masa a aljihun gaba.

"Kafin ruwan bana ya sauka, ku kwashe mutane daga ƙarƙashinsu. Duka goma sha ɗayan. In ba ka faɗa musu ba, ni zan bi su gida-gida."

Dariyar ta ɗauke. "Saboda me?"

Jibirilla ya jawo kurfinsa, ya juya masa baya.

"Tambayi takardarka."