Setsuko Mai Awara Ta Zama Matsafiya

Littafin zane na yara nake yi, labarin wata makarantar koyon tsafi. Yaran unguwarmu ta Amagasaki duk na zuba su a ciki: Kotone mai keken guragu, wadda a littafin kekenta ke tashi sama, Haruto kurma, da hannu yake tsafinsa, har da Luana da iyayenta suka dawo daga Brazil.

Ƙawata Setsuko mai awara ta gama karantawa, ta ajiye littafin a kan kantar shagonta.

"Fumie, kowa ya samu shiga, har kyanwar mai wankin kaya. Mu tsofaffi annoba ce ta kwashe mu?"

A littafi na biyu sai na sa ta shugabar makarantar. Ranar da ya fito ta iske ni har gida, ko takalmi ba ta gama cirewa ba.

"Wannan hancin na waye?"

"Naki ne."

"Ƙarya kike, munafuka! Wannan ai lauje ne."

Ta daina yi mini magana. Yara kuwa sun gane ta. Da an tashi daga makaranta sai su cika ƙofar shagonta suna leƙen tukunya. Ran nan Kotone ta turo kekenta har gaban kantar ta ce, "Kaka, don Allah ki mayar da Malam Iwabuchi kwaɗo. Aikin gida ya ishe mu."

Don su ba ta wuri, Setsuko ta kaɗa ludayi sama ta ce, "An gama. Ku tafi."

Washegari mura ta shaƙe Malam. Ya buɗe baki zai kira suna, sai wata ƙara ta fito kamar ta kwaɗo a bakin rafi. Luana ta fashe da kuka, Haruto da bai ji komai ba ya ga fuskokinsu ya shige ƙarƙashin tebur.

Da yamma ga Malam a shago, yara na biye da shi.

"Baba, ki rufa mini asiri ki gaya musu mura ce," ya ce da ƙyar.

Setsuko ta dube shi sama da ƙasa. "Ka sha citta da zuma. Ka kuma rage musu aikin gida, in ba haka ba ban san abin da zai biyo baya ba."

Ya rage. Ya warke.

Ni ma ta huce da ni. Ta zo da awara mai zafi, ta zauna kusa da teburina.

"A na uku ina son dodo," ta ce. "Babba, wanda zan riƙa hawa zuwa kasuwa."